Pillars Ta Dawo, Baba Bai Dawo Ba: Makokin 'Ya'ya Maza Da Iyaye Mata Ba Sa Gani

A watan Yulin 2022 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ta faɗo daga babbar gasar Najeriya zuwa rukuni na biyu, wanda masu bin tamaula ke kira gasar 'yan dagaji. Shekara guda bayan nan, a daminar 2023, ta sake haurowa. Ga mai bin labarin wasanni, magana ta ƙare ke nan. Amma tsakanin faɗuwar da haurowar, akwai gidaje a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da aka fitar da gawar maigida, kuma a cikinsu akwai samarin da suka koyi son Pillars a kan cinyar mahaifin da aka kai makwancinsa.

A kan waɗannan samarin nake son mu tattauna yau, uwargida. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ƙorafin da nake yawan ji daga bakin matan da suka rasa mazajensu, a asibiti da gidajen gaisuwa, kusan iri ɗaya ne: ko arba'in ba a yi ba yaro ya koma gidan kallo, ya maƙala waya a kunne yana neman sakamakon wasa, anya kuwa mutuwar nan ta taɓa shi? Ta taɓa shi, 'yar'uwa. Sau da yawa ma a can wajen ƙwallon yake nasa zaman makokin, domin can ne ya fi jin ƙamshin mahaifinsa.

Ƙungiyar da ake gada kamar gona

Mu da muka taso a kudancin Kano mun san cewa yawancin masoya Pillars a nan ba sa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sai jefi-jefi, wasu ma ba su taɓa taka shi ba. Mutumin Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓullo Kwanar Dangora, sannan ya kama titin Zariya zuwa birni. Kuɗin motar kaɗai ya ishi cefane. Shi ya sa a wajenmu Pillars a rediyo take zaune, da teburin mai shayi, da tabarmar ƙofar gida bayan la'asar. Uba yana saurare, ɗa yana gefensa yana riƙe masa eriya.

An kafa ƙungiyar a 1990, bayan an haɗe wasu ƙungiyoyin Kano guda uku. Dattawa irin mahaifinmu kuwa tun zamanin Raccah Rovers, wadda ta ci gasar Najeriya a 1978, suke bin ƙwallon Kano. Sun ga Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere a 2012, 2013 da 2014. Sun ga ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015, don haka kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ake yin sa ba. Sun ga 2009, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Sun ga Ahmed Musa yana yaro yana zura ƙwallaye a Kano kafin Turai ta ɗauke shi. Sun ga kofin ƙalubale na 2019 da aka ci a Kaduna da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes.

Na jero waɗannan ne don ki gane cewa kowace shekara a cikinsu labari ce da wani uba ya ba ɗansa. Iyayenmu maza ba masu yawan hira da 'ya'ya ba ne. Akwai kunya, akwai kwarjini, musamman tsakanin uba da ɗan fari. Uba zai yi wata bai tambayi ɗansa abin da ke damunsa ba, amma zai zauna da shi awa biyu suna musun wanda ya kamata ya buga gaba. A gidaje da yawa, ƙwallo da gona su ne kawai wuraren da uba da ɗa ke magana kamar abokai. Idan uban ya tafi, gona tana nan sai damina. Ƙwallo kuwa kowane mako tana nan.

Yadda abin ya kasance a gidanmu

Mahaifinmu tsohon malamin firamare ne a ƙasar Kiru. Ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma a watan Oktoban 2022 ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya yi kwana tara a gadon asibiti, Allah Ya karɓi abinsa. Wata uku ke nan da faɗuwar Pillars. Faɗuwar ta ƙona masa rai ƙwarai, musamman da yake har da zaftare maki aka yi wa ƙungiyar a kakar saboda hatsaniya a filin wasa. Ya kan ce da hannunmu muka kunna wa kanmu wuta. Amma duk wanda ya zo tsokanarsa, amsarsa ɗaya ce: mai gida ba ya kwana a waje.

Autanmu yana ɗan shekara 16 a lokacin. Shi ya kama makara tare da manya, shi ya shiga maƙabarta, shi ya zauna a zaure kwana uku yana amsa gaisuwa. Ban ga hawayensa ba ko sau ɗaya. Mu mata muna cikin gida muna kuka, muna rarrashin juna, ana dafa abincin sadaka, 'yan'uwa na kwana tare da mu. Shi kuwa duk wanda ya shigo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya yi haƙuri, ya zama namiji, yanzu shi ne a gida tunda yayyensa maza suna Kano da Abuja.

Bayan sadakar bakwai jama'a suka watse. Inna ta ci gaba da takabarta. Auta ya ɗauki rediyon Baba, wani tsohon akwati mai ɗaurin roba a murfin batir, ya kai ɗakinsa bai nemi izinin kowa ba. Da aka fara gasar rukuni na biyu a 2023, sai ya zama ba shi da zance sai Pillars. Labarin wasannin 'yan dagaji ba ya zuwa da sauƙi kamar na babbar gasa, don haka yana bin shirye-shiryen wasanni na rediyo, yana aron waya ya leƙa Facebook, yana tafiya wurin mai shayin da Baba ke zama don ya ji ko wani ya samu labari. Ya samu wani tsohon littafin rajista na Baba yana rubuta maki a ciki.

Wata rana na zo hutun ƙarshen mako daga wurin aikina a ɓangaren Tudun Wada, na tarar da Inna ranta a ɓace. Ta ce mini, "Kin ga ɗan'uwanki? Ni ina nan ko ƙofar gida ban taka ba, shi kuwa ƙwallo ce a gabansa. Malam ko shekara bai yi ba." Da dare na same shi a ƙofar ɗakinsa, na tambaye shi yadda teburin gasar yake. Ya buɗe littafin yana yi mini bayani dalla-dalla, har ya zo kan Rabi'u Ali, kyaftin ɗin da ake kira Pele, wanda ya haura shekara 40 amma bai gudu ya bar ƙungiyar ba da ta faɗi. Sai ya ce, "Yaya, Baba ya ce za su dawo. Ina so in ga ko gaskiyarsa ce." Daga nan muryarsa ta sarƙe. A daren ne na fara ganin kukansa, wata biyar bayan rasuwar.

Me ya sa yaro namiji ke ɓoye nasa?

Idan kin lura, al'adarmu da addininmu sun tsara wa mace hanyar makoki. Matar mamaci tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma. Tana ƙirga kwanakinta, mata na zuwa taya ta zama, kowa ya san halin da take ciki, kuma akwai ranar fita. 'Ya'ya mata suna da ɗakin uwa, suna da ƙawaye, kuma babu mai ganin laifinsu idan sun yi hawaye. Saurayi kuwa kwana uku ne nasa, su ma a gaban jama'a yake yin su, fuska a daure. Ranar ta huɗu ana sa ran ya koma makaranta, ko gona, ko kasuwa, kamar ba a yi komai ba.

Tun yana ƙarami muke ce masa namiji ba ya kuka. Mu iyaye mata muna cikin masu faɗa. Alhali kuwa tarihi ya tabbatar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganganun rashin yarda da ƙaddara. Hawaye da ƙuncin zuciya ba su cikin haramcin.

To yaron da aka rufe wa ƙofar kuka a gida, ina zai kai abin da ke cinsa? Wajen ƙwallo ne kaɗai wurin da al'umma ta yarje wa namiji ya yi ihu, ya dafe kai, ya rungumi ɗan'uwansa, har idonsa ya kawo ruwa, ba wanda zai ce masa rago. Idan an ci ƙungiyarsa ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, kowa zai ce ƙwallo ce. Shi kaɗai ya san ba ita kaɗai ba ce.

Sannan akwai maganar lokaci. Wanda aka yi wa mutuwa kwanakinsa kan cakuɗe, Litinin da Juma'a duk ɗaya. Jadawalin gasa yana ba shi abin jira: Lahadi akwai wasa, mako mai zuwa za a je waje, saura maki kaza a kai gaci. Kamar yadda mai takaba ke ƙirga kwanakinta, haka shi ma yake ƙirga wasanninsa.

Abin da masana suka lura da shi

A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun fito da wani bayani da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi har yau. A taƙaice, sun ce mai jimami ba ya tafiya a miƙe daga baƙin ciki zuwa sauƙi. Kai-kawo yake yi tsakanin abu biyu. Wani lokaci ya fuskanci rashin, ya tuna, ya yi kuka. Wani lokaci ya juya baya ya kama harkar rayuwa, ya yi aiki, ya yi dariya, ya huta. Wannan kai-kawon shi ne lafiyar. Wanda ya maƙale a ɓangare ɗaya, ko kullum kuka ko kullum gudu, shi ne abin tsoro.

Mu a nan mun san haka ko ba a rubuta ba. Mai ɗauke da buhun masara daga gona ba ya kai shi gida sai ya sauke ya huta a hanya. Sauke kayan ba ya nufin ya yar da su. Yaron da ya yi tsalle don an ci ƙwallo bai manta mahaifinsa ba, numfashi yake ja.

Masana sun kuma daina cewa dole sai mutum ya yanke alaƙa da mamaci kafin ya warke. Riƙe wani abu da ke haɗa ka da shi yana taimakawa, in dai bai hana ka rayuwa ba. A wajenmu addu'a da sadaka da sada zumuncin abokan mahaifi su ne kan gaba. Amma ɗa zai iya ƙarawa da hular mahaifinsa, ko kekensa, ko kujerarsa a wurin mai shayi, ko ƙungiyar da yake so. Ba a nan kaɗai ba ne. A Ingila, inda samarinmu ke kallon gasarsu kowane mako, an saba ganin magoya baya sun tashi suna tafi na minti guda don tuna wani ɗan'uwansu da ya rasu, kuma akwai iyalan da kujera guda a filin wasa ke wucewa daga kaka zuwa jika.

Ranar da aka hau, da kwanakin da suka biyo baya

An kammala gasar rukuni na biyu ta 2023 a Asaba, babban birnin jihar Delta, inda ƙungiyoyi takwas suka taru suna neman gurbi huɗu. Daga arewa Kano Pillars da Katsina United suka samu, daga kudu kuma Heartland ta Owerri da Sporting Lagos. Abin mamaki, uku daga cikinsu, wato Pillars da Katsina United da Heartland, tare suka faɗi a 2022, tare kuma suka dawo. Heartland ɗin nan ita ce ta fitar da Pillars a wasan kusa da na ƙarshe na Afirka a 2009.

Ranar da labari ya tabbata, samari sun yi ta zagaye da babura suna hon, masu shayi sun yi ciniki. Autanmu ya fita tare da su, amma bai daɗe ba ya dawo. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Inna ce ta bi shi da kanta. Ta ce ta same shi zaune da rediyon a cinya, a kashe. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Auta, maganar Malam ta tabbata." Suka yi kukansu tare, sannan ta sa shi ya yi alwala suka yi wa Baba addu'a. Washegari ta soya ƙosai ta ba shi ya kai wa almajirai da abokan Baba na wurin mai shayi.

Ina so ki riƙe wannan, uwargida: ranar farin ciki ta fi ranar baƙin ciki tayar da mikin rashi. Idan an yi rashin nasara, yaro ya san abin da zai yi da ransa, domin dama a ɓace yake. Amma idan abin da aka daɗe ana jira ya samu, hannunsa zai kai ga waya, ko ƙafarsa ta nufi zaure don ya yi albishir, sai ya tuna babu wanda zai yi wa. Haka abin yake ranar Sallah, ranar sakamakon jarrabawa, ranar ɗaurin aure. Wasu yaran har laifi suke ji don sun yi murna, kamar sun ci amanar mamacin. Suna bukatar babba ya gaya musu cewa murnar halal ce.

Abu na biyu da ba a cika lura da shi ba shi ne bayan an gama. Daga haurowar zuwa ƙarshen Satumban 2023 da aka buɗe sabuwar kakar babbar gasa, babu wasan Pillars na gasa da za a jira. Abin da yaron ya rataya ransa a kai na tsawon watanni ya ƙare. A wannan tsakanin ne autanmu ya fi yin shiru, barcinsa ya ragu, ya rame. Abin da ya taimaka shi ne damina ce, kawunmu ya ja shi gonar masarar Baba, suka yi noma da zuba taki tare. Ga duk uwar da ɗanta ya jingina da wata gasa bayan rasuwa, ki sa ido sosai a makonnin da aka tafi hutu.

Inda ya kamata hankalinki ya tashi

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da ya shafi ƙwallo alheri ne ga yaro maraya. Gidan kallo yana tara na kirki da na banza, kuma zuciyar da ke ciwo tana saurin karɓar duk abin da aka ce zai kwantar da ita. Ga abubuwan da nake roƙon iyaye mata su kula da su.

Na farko, ƙwaya. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tiramadol da sauran kayan maye ba su ɓace daga ƙauyukanmu ba. Idan kin ga idonsa ya canza, maganarsa na jan baki, yana barcin rana mai nauyi, ko kuɗi da kayan gida sun fara ɓata, kada ki tsaya jiran ya wuce.

Na biyu, caca. Yanzu a waya ake yin ta, ba sai an je shago ba. Alamarta ita ce yaro ya daina damuwa da ƙungiyarsa, ya koma bin sakamakon wasanni goma na ƙasashen da bai san sunansu ba, yana yawan neman kuɗin data da rance. Mai son ƙungiya daban, mai caca daban.

Na uku, ciwon jiki da ba a gano dalilinsa ba. Samari ba sa zuwa asibiti su ce suna baƙin ciki. Cewa suke kai na ciwo, ƙirji na zafi, zuciya na bugawa, ciki na murɗawa, barci ya ƙi zuwa. A auna su tukuna, domin zazzaɓin cizon sauro da gyambon ciki gaskiya ne. Amma ki gaya wa likita ko nas cewa an yi wa yaron rasuwa, don wannan bayanin yana canza yadda za a duba shi.

Na huɗu, jimamin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Ana maganarsa ne idan an wuce aƙalla wata shida, kuma kewar mamacin ta hana mutum karatu, aiki ko shiga jama'a, fiye da yadda aka saba a al'adarsa. A nan akwai wata alama mai sauƙin ganewa: idan yaron da ke mutuwar son ƙwallo ya daina kula ta gaba ɗaya, ya daina fita, ya daina wanka da cin abinci yadda ya saba, wannan ya fi tayar mini da hankali a kan wanda ke zarya gidan kallo.

Na biyar, kuma mafi girma: idan ya fara cewa gara ya bi mahaifinsa, ko rayuwa ba ta da amfani, ko ya fara raba kayansa. Kada ki ce yarinta ce, kada kuma ki tsaya a faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshin gona daga inda zai kai hannu, a kai shi babban asibiti mafi kusa a ranar. Daga nan za a iya tura ku sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

Abin da uwa za ta iya yi

Ba sai kin san dokar satar gida ba kafin ki shiga duniyar ɗanki. Idan ya dawo, ki tambaye shi, yau ya aka tashi? Wa ya ci? Tambayar da ta fi wannan ita ce: da babanka na nan me zai ce? Sau da yawa daga nan bakinsa zai buɗe. Yaro namiji ya fi sakin jiki idan ba ido cikin ido ake maganar ba, kina tsintar shinkafa ko kina ɓarar gyaɗa, shi yana gefe.

Ki ba shi labarin mahaifinsa da bai sani ba. Ke kika san yadda ya ƙi cin abinci ranar da aka ci Pillars, ko yadda ya taɓa sayar da kaza don ya je kallo a birni. Waɗannan labaran gado ne, kuma ba mai raba su sai ke.

Idan akwai wani ƙaramin abu na marigayin da yaron ya ɗauka, rediyo ne, hula ce, ko riga mai ruwan ɗorawa da kore, ki yi magana da sauran magada a bar masa ko a lissafa a rabonsa. Kada a wayi gari a ga an kyautar da shi bai sani ba.

Ki sa iyaka, amma kada ki toshe hanya. Ki san gidan kallon da yake zuwa, da wanda suke tafiya, da lokacin dawowa. Sallah a kan lokaci, karatu kafin wasa. Idan ya matsa yana son zuwa filin wasa a Kano, a haɗa shi da kawu ko baffa ko wani amintaccen abokin mahaifinsa, su tafi da wuri su zauna nesa da masu tayar da fitina. 'Yan Doguwa da Tudun Wada su kwana a birni idan yamma ta yi, kada a ratsa Falgore da dare saboda ƙwallo.

Ki nemo masa namiji babba. Duk ƙoƙarinki akwai abin da sai a bakin namiji zai ji shi. Abokan mahaifinsa na majalisa suna da amfani a nan, kuma kula da ɗan aboki bayan rasuwa abu ne da dattawanmu ke ɗauka da girma. Wani lokaci jira suke a ce musu bismillah.

Kada ki manta da 'ya'ya mata. Akwai waɗanda su ma a gefen rediyon nan suka girma, sun san sunan kowane ɗan wasa, amma ba su da gidan kallon da za su je. Idan 'yarki ta nemi aron wayarki don ta duba sakamako, ki ba ta, ki zauna ku duba tare.

Ke ma ki kula da kanki. Mai takaba da ke ganin ɗanta na dariya a waje tana iya jin kamar an bar ta ita kaɗai da kayan. Ba a bar ki ba. Kowa da inda nasa ciwon ke fita. Ki auna jininki, ki ci abinci, ki samu 'yar'uwar da za ki faɗa wa damuwarki.

Gasa ba ta tsayawa. A 2025 wata ƙungiyar Kano, Barau FC, ita ma ta hau babbar gasar, kuma kowace kaka wasu za su faɗi wasu su hau. Haka kuma kowace kaka akwai yaron da zai zauna a bencin gidan kallo a Kafin Maiyaki ko Tiga, a karon farko ba tare da wanda zai kai wa labari a gida ba. Idan ɗanki ne, ki zama ke ce za ki karɓi labarin.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da mazajenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana marayun da suka bari, Ya ba mu haƙuri da basirar riƙe su. Amin.